Canjin Batir a Tsohuwar EliteBook 840 G3: Sharhi Kan Aikin Wani Shagon Gyara a Kano

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu ya san cewa batir ne kan fara nuna tsufa, tun kafin allo ya dusashe ko madannai su soma maƙalewa. Wannan sharhi ya shafi aikin canjin batir da wani shagon gyara a Kano ya yi wa kwamfutata, HP EliteBook 840 G3, da kuma shi kansa batirin da aka sa mata. Na rubuta shi ne domin malaman makaranta, ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i da ke riƙe da irin wannan kwamfuta, suna wasiwasin ko su zuba kuɗi a gyaranta ko su haƙura su nemi wata. Hukuncina tun daga farko shi ne aikin ya ci kuɗinsa, kuma abin da ya sa ya ci kuɗin shi ne mai gyaran ya auna kafin ya sayar, sannan ya faɗi gaskiyar abin da yake sayarwa. Batirin kansa matsakaici ne, kuma akwai wuraren da shagon ya gaza.

Samfurin 840 G3 ya fito ne a 2016, ɗauke da furosesar Intel zubi na shida (furosesa ita ce ɓangaren da ke sarrafa ayyukan kwamfuta). An ƙera shi ne domin ofisoshi, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake gani a kasuwannin Kano, irin su Farm Centre da titin Beirut, sun gama yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki kafin a lodo su zuwa nan. Ke nan ranar da mai saye ya karɓi kwamfutar a hannunsa, batirin da ke cikinta ya riga ya shafe shekaru yana aiki, ko da kuwa jikinta na ƙyalli. Lambar batirin CS03XL, ƙwayoyi uku ne masu faɗi a haɗe, ƙarfinsa bolt 11.4, kuma yana ɗaukar wat-awa 46 da 'yan kai (wat-awa ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne) lokacin da yake sabo. A cikin jikin kwamfutar yake, ƙarƙashin inda ake ɗora tafin hannu, ba irin na tsofaffin kwamfutoci ba da ake zame makulli a zare shi ta baya. Dole sai an kwance sukurorin murfin ƙasa kafin a kai gare shi, kuma wannan ne ya sa yawancin mutane ke kai wa mai gyara maimakon su canja da kansu.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a san cewa lalacewar irin wannan batir ɗabi'arsa ce. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma aka bai wa masana uku da suka share masa hanya kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, yana rasa ɗan abin da yake iya riƙewa a duk lokacin da aka cika shi aka sauke. Galibi ana ƙiyasta cewa bayan cikawa da saukewa sau 300 zuwa 500, abin da zai iya ɗauka kan ragu zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari na asalinsa. Haka kuma shekaru kaɗai suna cin sa ko ba a yi amfani da shi ba. Misalinsa kamar rijiyar da ƙasa ke cike ta a hankali ne: bakinta yana nan yadda yake, za a kuma ga ruwa ya kawo har sama, amma guga kaɗan za a ja a tarar da ƙasa. Shi ya sa kwamfuta take nuna cewa caji ya cika ɗari bisa ɗari, amma ba ta yi minti arba'in ba ta mutu.

Abubuwa biyu ne suka fi gaggauta wannan lalacewa, kuma dukansu muna da su a yalwace. Na farko zafi ne. Kamfanin Apple, a shawarar da yake bai wa masu amfani da kayansa, ya ce zafin da ya haura digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ta yadda ba zai dawo ba, alhali a Kano zafin watan Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, ga kuma zafin da ita kwamfutar ke haifarwa a cikinta. Na biyu shi ne barin batir a cike maƙil na tsawon lokaci. Saboda ba mu san lokacin da za a ɗauke wuta ba, kowannenmu yakan bar caja a jone dare da rana domin kada a shammace shi, kuma haɗuwar cikakken caji da zafi ita ce mafi munin halin da batirin litiyam zai zauna a ciki. Babu laifin mai kwamfuta a nan, yanayi ne ya tilasta, amma sanin hakan na da amfani ga wanda zai sa sabo.

Kwamfutata ta kai matakin da takan mutu farat ɗaya tana nuna saura kashi 40, kuma a duk lokacin da aka kunna ta sai wani baƙin shafi ya fito da gargaɗi mai lamba 601, wanda shi ne yadda kwamfutocin HP ke sanar da cewa abin da batir ke iya riƙewa ya yi ƙasa sosai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne murfin ƙasa ya ɗan ɗago ta gaba, har idan na ajiye ta a tebur ba ta zama daram, sannan faifan da ake shafawa da yatsa ya yi tauri wajen dannawa. Wannan alama ce ta kumburi. Sinadarin da ke cikin ƙwayoyin yakan ruɓe ya fitar da iska, iskar ta rasa mafita ta hura ledar da aka naɗe su da ita. Batirin da ya kumbura ba abin wasa ba ne, domin idan aka huda shi ko aka matse shi yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ko sababbin batura daga manyan kamfanoni sun taɓa jawo irin wannan fargaba, kamar a 2006 da kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 daga hannun jama'a saboda haɗarin gobara. Wanda ya ga kumburi a kwamfutarsa ya cire caja, ya daina amfani da ita har sai an cire batirin.

Shagon da na kai ta ƙarami ne, teburin aiki ɗaya, da injiniya da yaronsa guda. Abin da ya fara burge ni shi ne bai miƙa hannu ya ɗauko batir daga kanta ba da jin bayanina. Cewa ya yi, "Malam, kafin mu yi maganar kuɗi, bari mu tabbatar batirin ne shi kaɗai, domin wani lokaci caja ce ke kashe shi." Ya ɗauko mitarsa ya auna cajar, ya nuna mini tana bayar da bolt 19 da ɗigo biyar kamar yadda aka rubuta a jikinta, ya duba bakinta mai shuɗin kai ya tabbatar ɗan tsinken da ke tsakiya bai karye ba, domin ta wannan tsinke ne kwamfutar ke gane irin cajar da aka jona mata. Daga nan ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, ya danna F2 ya shiga gwajin da HP ta gina a cikinta, gwajin kuma ya nuna cewa batirin na buƙatar canji. Duk wannan bai ɗauki lokaci mai tsawo ba, bai kuma karɓi ko sisi a kansa ba.

Akwai wani awo da kowane mai Windows zai iya yi a gida kafin ya je kasuwa, kuma shi ma injiniyan ya yi shi a gabana. Ana buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni, wadda ake kira Command Prompt, a rubuta powercfg /batteryreport, sai kwamfutar ta ajiye wani rahoto da ake buɗewa kamar shafin intanet. Layi biyu ne abin dubawa a cikinsa: Design Capacity, wato abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka a yanzu. A tawa, na biyun bai kai kashi ɗaya bisa uku na na farkon ba. Ina shawartar duk mai shirin sayen kwamfuta ta hannu ya nemi a yi masa wannan a gaban mai sayarwa, domin kalmar "batirinta na riƙe caji" da ake ji a kowane shago ba ta da ma'auni, amma waɗannan lambobi biyu suna da shi.

Inda na fi daraja aikin wannan mutum shi ne wajen zaɓi. Ya jera mini batura iri uku a kan tebur, ya yi bayanin kowanne ba tare da ƙawata shi ba. Na farko orijina ne da aka ciro daga wata kwamfutar da allonta ya fashe. Yana da tambarin kamfani na gaskiya, ƙwayoyinsa masu inganci ne, amma sa'an wanda ya mutu ne a shekaru, kuma ya ce ko da rahoto ya nuna yana da sauran ƙarfi, ba zai iya ba ni tabbacin zai kai shekara ba. Na yarda da shi, domin batirin da aka ƙera wajen 2016 ko 2017 ya tsufa ko da a cikin akwati ya kwana. Na biyu sabo ne fil a kwalinsa, mai araha ƙwarai, an buga masa tambari kamar na asali. Ya ɗora mini shi a tafin hannu ɗaya, tsohon a ɗayan, na ji da kaina cewa sabon ya fi sauƙin nauyi, kuma rashin nauyi a batir mai girma ɗaya yakan nuna an rage abin da ke ciki. Ya ce yana ajiye shi ne saboda akwai masu zuwa da kuɗin da bai wuce nasa ba, amma ba ya ba da shawarar sayensa.

Na ukun shi ma sabo ne, ba ya ɗauke da tambarin HP, sunan wani kamfani ne dabam a jikinsa, da ranar ƙira ta kwanan nan, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na mai arahar. A kansa ya ce, "Yallaɓai, wannan ba orijina ba ne, kuma ba zan ce maka zai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. Amma ina sa wa mutane shi, ba su cika dawo mini da shi ba." Shi na zaɓa. A ganina batirin da ya fito da sunan mai ƙera shi ya fi aminci a kan wanda ya saci tambarin wani, domin wanda ya yi ƙarya a tambari ba abin da zai hana shi yin ta a cikin ƙwayoyi da kuma ɗan allon da ke kare batirin daga wuce kima wajen caji. Wannan ɗan allo shi ne ke yanke wuta idan caji ya cika ko zafi ya yi yawa, kuma a nan ne masu yin jabu suka fi tsuke hannu, tunda mai saye ba ya ganinsa.

Na tambaye shi batun fasa tsohon a canja masa ƙwayoyi, kamar yadda wasu masu gyara ke yi. Ya ce wannan dabara ta batura masu ƙwayoyi zagayayyu ce, waɗanda ake kira 18650, irin na tsofaffin kwamfutoci masu kauri, kuma ko a can sau da yawa ɗan allon yakan kulle kansa da zarar an yanke masa wuta. A batir mai faɗi irin nawa, ya ce ba ya taɓawa. Wannan amsa ta dace da abin da na sani, kuma ta ƙara mini natsuwa da shi.

Aikin hannunsa tsaf yake. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya, ya zare caja, ya kwance sukurorin yana jera su a kan wani farin kwali bisa tsarin ramukansu domin kada dogo ya shiga gurbin gajere. Da murfin ya buɗe, sai ga tsohon batirin ya yi tozo a tsakiya, baƙar ledarsa ta miƙe tana sheƙi. Bai sa sukudireba ya ɓanɓare shi ba, ya sassauta sukurorin da ke riƙe da shi, ya ɗaga shi da yatsu ta gefe a hankali, ya ajiye shi a kan siminti nesa da takardu. Kafin ya sa sabon, ya nuna mini fankar kwamfutar da ragar da iska ke fita, inda ƙurar hunturu ta taru ta zama kamar auduga ta toshe rabin hanya. Ya riƙe fankar da yatsa don kada ta juya da ƙarfi, ya hure ƙurar, ya goge da buroshi. Bai ƙara kuɗi a kan wannan ba, alhali yana da muhimmanci ga sabon batirin, tunda kwamfutar da ba ta shan iska ita ce ke dafa batirinta. Bayan ya rufe, kwamfutar ta zauna daram a tebur, faifan yatsa ya koma dannuwa da sauƙi, gargaɗin 601 kuma bai sake fitowa ba.

Yanzu ga batirin kansa. Rahoton Windows ya nuna cewa yana ɗaukar cikakken abin da aka rubuta a jikinsa, amma ban ɗauki wannan a matsayin hujja ba, domin lambar da rahoton ke kawowa daga ɗan allon batirin take fitowa, kuma a sabon batir allon yana maimaita abin da aka rubuta masa ne a masana'anta. Awon gaskiya shi ne agogo. Na cika shi, na rage hasken allo zuwa rabi, na ci gaba da aikina na rubutu da karanta takardu, ya kai ni kusan awa huɗu kafin ya nemi caja. Lissafin mai sauƙi ne: a irin wannan aiki marar nauyi kwamfutar na cin wajen wat 9, don haka batir mai wat-awa 46 ya kamata ya kai awa biyar, wanda ya tsaya a huɗu kuwa abin da ke cikinsa bai wuce wat-awa 36 ba. Ke nan ya gaza abin da aka rubuta da kusan kashi ɗaya bisa biyar, daidai da gargaɗin da injiniyan ya yi mini. Idan ana kallon bidiyo ta intanet ko taro ta Zoom, lokacin yakan sauko zuwa awa biyu da rabi ko uku.

Abin da ya fi tsawon lokacin muhimmanci a wurina shi ne yadda yake sauka. Yana gangarowa a hankali daga sama har ƙasa, ba ya tsalle daga kashi 30 zuwa sifili, wanda ke nuna ƙwayoyin uku sun yi daidai da juna. Ba ya ɗaukar zafin da ya wuce misali lokacin caji. Ya ratsa bazara guda a hannuna, ya ɗan ragu kamar yadda ake tsammani, amma babu alamar kumburi. Ga wanda ke aiki a inda wuta ke zuwa tana tafiya, batirin da za a iya dogara da lissafinsa ya fi wanda ke daɗewa yau ya yanke gobe ba sanarwa, domin mutuwar kwamfuta farat ɗaya tana iya tafiya da aikin da ba a adana ba, wani lokaci ma ta lalata fayil.

Sai wuraren da shagon ya gaza, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko garanti. Da baki ya ce mini idan ya ba da matsala cikin wata uku in dawo da shi, amma rasiɗin da yaron shago ya rubuta bai ƙunshi komai ba sai kalmar "batir" da kuɗi, babu lambar batirin, babu wa'adin garanti, babu sharaɗin abin da za a karɓa a matsayin matsala. Sai da na nema aka ƙara su. Mutumin da ya nuna gaskiya haka a wajen ciniki bai kamata ya bar alƙawarinsa a iska ba, domin ranar da aka dawo ba lallai a same shi a shagon ba, kuma yaron da aka tarar ba zai san abin da aka yi da baki ba. Duk mai zuwa irin wannan shago ya tsaya a rubuta masa lambar batir, ranar saye da tsawon garanti kafin ya biya.

Na biyu shawarar da ya ba ni a ƙarshe, cewa in bar sabon batirin a caji na awa takwas kafin in fara amfani da shi, sannan in riƙa barin sa ya mutu ƙurmus kafin in sake jonawa. Wannan tsohuwar koyarwa ce da ta samo asali daga zamanin baturan nikel, kuma ba ta shafi litiyam ba. Batirin litiyam ba ya buƙatar dogon cajin farko, saukar da shi har sifili a kai a kai kuwa cutar da shi yake yi. Abin da ke da amfani shi ne a cika shi a sauke shi sau ɗaya bayan an sa, sannan jefi-jefi bayan wasu watanni, domin ma'aunin kashi ya daidaita, amma wannan ba ya ƙara masa ƙarfi ko kaɗan. Haka nan maganar da ake yaɗawa ta sa mataccen batir a firji ya farfaɗo ba ta da tushe, danshi ma zai iya shiga ya lalata allonsa. Na yi mamakin jin tsohuwar shawarar daga bakin wanda ya nuna sani a sauran aikinsa, kuma abin damuwar shi ne mutane da yawa za su bi ta saboda sun yarda da shi.

A maimakon haka, da ya nuna mini saitin da zai tsawaita ran batirin da gaske. A cikin BIOS na kwamfutocin ofis na HP, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga da danna F10 lokacin kunnawa, akwai sashe mai suna Battery Health Manager, kuma ɗaya daga cikin zaɓinsa yana tsayar da caji a kashi 80. Wanda bai ga sashen ba sai ya sabunta BIOS ɗin, aikin da bai kamata a fara ba sai batir na da caji kuma wuta na tsaye, domin yankewa a tsakiyarsa na iya hana kwamfuta tashi. Kwamfutocin Lenovo da Dell ma suna da irin wannan saiti a manhajojinsu. Gaskiya ne cewa tsayawa a kashi 80 yana rage kusan minti arba'in da biyar daga batir mai awa huɗu, kuma ga wanda wuta ba ta zuwar masa sai 'yan awoyi a rana wannan rashi ne da zai ji. Amma ga mai sola ko inbata, wanda kwamfutarsa ke wuni a jone, babu dalilin barin batir a cike maƙil cikin zafin bazara. Ni nakan kunna saitin a ranakun da nake zaune wuri ɗaya, in mayar da shi cikakke idan zan yi tafiya.

Na uku, kuma wanda ya fi damuna, shi ne makomar tsohon batirin. Da na tambaya me za a yi da shi, yaron shago ya nuna mini wani kwali a ƙarƙashin tebur cike da matattun batura, wasu a kumbure, an jibge su kan juna kusa da inda ake kunna na'urar narka dalma, ya ce 'yan gwangwan ne ke zuwa su saya. Tara kumburarrun batura a kwali, a rufaffen shago, cikin kasuwar da shaguna ke manne da juna, haɗari ne ga mai shagon da maƙwabtansa, kuma mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu abin da gobarar kasuwa ke yi. Ƙaramin abin da za a iya yi shi ne a liƙe bakin kowane batir da salatif, a ajiye su a akwatin ƙarfe mai yashi a ciki, nesa da zafi. Nijeriya tana da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, sharar kayan lantarki kuma na cikin abin da ya shafe ta, amma a matakin ƙaramin shago ƙungiyoyin 'yan kasuwa ne suka fi kusa, kuma su ya kamata su ware wurin tara irin wannan kaya. Na faɗa wa injiniyan haka, ya saurara da kyau, ya ce zai nemi akwati. Mai karatu kuma kada ya jefa tsohon batir a bola, inda ake cinna wa shara wuta kuma yara ke tone-tone.

Saura tambayar ko kwamfutar da ta kusa shekara goma ta cancanci a saya mata batir. Akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan, don haka 840 G3 ba ta cikin jerin. Wanda aikinsa ya shafi banki ta intanet ko bayanan mutane ya kamata ya yi tunanin wannan sosai, ko dai ya koma Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wanda ke tafiya lafiya a wannan samfuri, ko ya fara tara kuɗin wata. Amma ga rubutu, lissafin shago, shirya darasi da karatu, kwamfutar tana da sauran aiki a gabanta, musamman idan tana da faifan ajiya na SSD da ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, mai gigabait 8. Kuɗin batirin da na sa ƙaramin kaso ne na kuɗin wata kwamfutar ta hannu, wadda ita ma da tsohon batirinta za ta zo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, tayar da janareto domin kwamfuta ɗaya ya zama asara bayyananniya, kuma awa huɗu na aiki ba tare da fetur ba suna mayar da kuɗin batirin cikin 'yan watanni.

Akwai masu cire mataccen batir su ci gaba da aiki da caja kaɗai. Kwamfutar za ta tashi, kuma hakan ya fi barin kumburarre a ciki nesa ba kusa ba, amma mafita ce ta ɗan lokaci, domin ƙiftawar wuta ɗaya ta isa ta kashe ta. Wanda kuwa kwamfutarsa ta haɗa mutuwar batir da karyewar maratayin allo, ko bakin caja mai motsi, ko zafin da share fanka bai magance ba, ya nemi injiniya ya lissafa masa kuɗin gyaran duka a wuri ɗaya kafin ya sayi batir, domin idan jimillar ta kai rabin kuɗin wata mai zubi na takwas, gara ya ƙara ya sayi waccan.